Ƙibar Mazan Koriya ta Kudu: Laifin Gado ne ko na Kujera?

A shekarar 1998, lokacin da gwamnatin Koriya ta Kudu ta fara binciken lafiya da cimar jama'arta a faɗin ƙasa, namiji ɗaya cikin huɗu ne aka samu da ƙiba, wato kashi 25 cikin 100. Mata sun ɗan ɗara su, kashi 26. Da aka kai 2020 sai maza suka tashi zuwa kashi 48, mata kuwa suna nan kusa da inda aka bar su, kashi 27 da 'yan kai. A cikin maza 'yan shekara 30 zuwa 39, abin ya haura kashi 58. Waɗannan maza da mata ba baƙin juna ba ne. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, a gida ɗaya aka goya su, kuma yawancin ƙwayoyin halittar da ke da hannu a ƙiba ba sa zaɓen ɗa namiji su bar 'ya mace wajen rabon gado. Shekara 22 kuma ba ta isa ta sauya jinin al'umma ba.

Mai gaggawa zai ce to shi ke nan, magana ta ƙare, gado ba shi da hannu a ƙiba, ci ne da zama. Ban yarda da wannan ba, domin hujjar gado ta fi ƙarfin a share ta. A 1986 likitan nan Albert Stunkard ya bi mutum 540 a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai. Da suka girma, nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka ciyar da su ba. A 1990 kuma Claude Bouchard ya tara tagwaye maza masu kama ɗaya, wato Hassan da Husaini har sau 12, a Kebek ta ƙasar Kanada, aka riƙa ƙara musu kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 1,000 a rana a kan abin da jikinsu ke buƙata, kwana shida a mako, har tsawon kwana 100. Abinci iri ɗaya, zama iri ɗaya, amma wani ya ƙaru da kilo 4 da ɗan wani abu, wani ya ƙaru da kilo 13. Abin lura shi ne ƙarin da Hassan ya yi ya fi kusa da na Husaininsa fiye da na sauran tagwayen. Daga irin waɗannan bincike ne masana suka ƙiyasta cewa tsakanin kashi 40 zuwa 70 na bambancin nauyi da ake gani tsakanin mutanen da ke zaune wuri ɗaya a zamani ɗaya, daga gado yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai a riƙe wannan sharaɗi na "wuri ɗaya a zamani ɗaya" da kyau, domin duk rikicin a nan yake.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san me 'yan Koriya ke kira ƙiba, don ma'auninsu ya sha bamban da na Turai da Amurka. Awon da ake kira BMI lissafi ne na nauyin mutum da tsawonsa. A Turai sai ya kai 30 ake cewa mutum na da ƙiba. A Koriya daga 25 ake farawa. Mutum mai tsawon mita 1.70 da ya kai kilo 72 da ɗoriya ya shiga sahu a Seoul, alhali a Landan sai ya kusa kilo 87. Haka ma awon ƙugu: santimita 90 ga namiji, 85 ga mace. Idan aka auna 'yan Koriya da ma'aunin Turawa, masu ƙiba ba su kai kashi 10 ba, suna cikin mafi sirantar ƙasashe masu arziki tare da Japan, yayin da Amurka ke wajen kashi 40. Ba son tsanani ne ya sa likitocinsu suka rage ma'aunin ba. Jikin mutanen gabashin Asiya yana saurin tara kitse a cikin ciki, a kewayen hanji da hanta, tun kafin a ga alamar teɓa a waje, kuma ciwon suga da hawan jini suna kama su a nauyin da Bature zai ce lafiya lau yake. Ƙungiyar likitocin ciwon suga ta ƙasar ta ce a 2020 mutum ɗaya cikin shida na waɗanda suka kai shekara 30 yana da ciwon. Wannan ma wani hannun gado ne, wanda sikeli ba ya nunawa.

Ƙwayar halittar da ta fi suna a wannan fage ita ce FTO, wadda masu bincike a Birtaniya suka danganta da ƙiba a 2007. Kowane mutum yana da kwafi biyu nata, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma akwai wani nau'i nata mai jawo nauyi. Baturen da ya gaji wannan nau'i ta ɓangarori biyu yakan fi wanda bai gada ba nauyi da kimanin kilo 3. Ba ta haifar da kitse kai-tsaye kamar yadda ake zato. Yawancin aikin da ƙwayoyin ƙiba ke yi a ƙwaƙwalwa yake, wajen jin yunwa da jin ƙoshi. An gwada yara 'yan makaranta a Sukotlan a 2008, aka ajiye musu abinci su ci son ransu, aka ga masu wannan nau'i sun fi cin abinci mai nauyi, alhali jikinsu bai gaza wajen ƙona abin da suka ci ba. Wannan batu yana da muhimmanci a wurina, saboda yana nuna cewa wanda ake zagi da haɗama sau da yawa da wata yunwa yake kokawa wadda mai zagin nasa bai taɓa jin irinta ba.

A nan labarin Koriya ya fara rabuwa da na Turai. Nau'in FTO mai jawo nauyi ya kai sama da kashi 40 na kwafin da ke jikin Turawa, amma a Koriya bai wuce kashi 12 zuwa 13 ba. Wanda ya gada ta ɓangarori biyu kuwa bai fi mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Wani babban nazari na 2012 da ya haɗa mutum sama da 96,000 daga gabashi da kudancin Asiya ya nuna kowane kwafi yana ƙara wa BMI 0.26, abin da ga mai tsawon mita 1.70 bai cika kilo ɗaya ba. Ke nan ƙasar da kusan rabin mazanta suka yi ƙiba, mafi yawansu ba su ma da shahararriyar ƙwayar da ake ɗora wa laifi.

Yadda aka san haka abin koyi ne. A 2001 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Koriya ta zaɓi garuruwa biyu a lardin Gyeonggi: Ansan, garin masana'antu da ke kusa da Seoul, da Anseong, yankin manoma. Aka ɗauki mutum kusan 10,000 masu shekara 40 zuwa 69, aka ɗibi jininsu, aka auna tsawo da ƙugu, aka tambaye su abin da suke ci da yadda suke yini, sannan ake sake kiransu duk bayan shekara biyu. Shirin, wanda ake kira KoGES, ya faɗaɗa har ya haura mutum 200,000. A 2009 aka wallafa sakamakon tantance ƙwayoyin halittar 8,842 daga cikin mutanen Ansan da Anseong, wanda ya tabbatar da cewa FTO tana aiki a jikin 'yan Koriya ma. Da aka haɗa bayanansu da na Sinawa da Japanawa a shekarun 2012 da 2014, sai wasu ƙwayoyin suka bayyana waɗanda binciken Turawa bai hango ba. Akwai CDKAL1, mai wani hali na ban mamaki: nau'inta da ke ƙara haɗarin ciwon suga shi ne kuma ke tafiya da ƙarancin nauyi. Akwai ALDH2, wadda zan dawo kanta. Darasin da ke nan ya shafe mu kai-tsaye, domin kusan kashi 80 na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu a duniya asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi 2 kacal. Da tawagar Charles Rotimi, ɗan asalin Najeriya da ke aiki a Amurka, ta duba 'yan Afirka ta Yamma a 2017, ta samu wani nau'i na ƙwayar SEMA4D mai alaƙa da ƙiba wanda babu shi a jikin Turawa da mutanen Asiya. Wanda bai auna mutanensa ba, da ma'aunin wasu za a yi masa magani.

To ina motsa jiki ya shigo? Tun 2008 aka fara ganin alama a wurin mutanen Amish na jihar Pensilbeniya, manoma da ba sa amfani da mota, suna huɗa da dawaki. A cikin masu aikin ƙarfi daga cikinsu, tasirin FTO ya dushe. A 2010 aka duba mutum 20,430 a yankin Nofok na Ingila, aka haɗa ƙwayoyi 12, aka ga masu motsa jiki sun rage tasirin gadon da kimanin kashi 40. A 2011 aka tattara bayanan manya 218,166 daga bincike daban-daban kan FTO ita kaɗai, aka samu kashi 27. Na fi amincewa da wannan na ƙarshen saboda yawan mutanen da ya ƙunsa. A Koriya kuma, wani nazari da aka wallafa a 2021 kan mutanen Ansan da Anseong ya ba da rahoton cewa a cikin masu ɗauke da nau'in FTO mai haɗari, masu motsa jiki sun rage barazanar ƙiba da kusan rabi. A maƙwabciyarsu Taiwan, nazarin mutum 18,424 a 2019 ya gano cewa sassarfa a kai a kai ita ce ta fi danne tasirin gadon, sai hawan dutse da tafiyar ƙasa da yoga, amma ninƙaya da hawan keke ba su nuna irin wannan amfani ba.

Binciken da ya fi kama mini hankali ba a Asiya aka yi shi ba. A garin Framingham na Amurka, inda ake bin lafiyar mazauna tun 1948, an duba tasirin FTO gwargwadon shekarar haihuwa. Waɗanda aka haifa kafin 1942, ƙwayar ba ta nuna wata alaƙa da nauyinsu ba. Waɗanda aka haifa bayan nan, alaƙar ta fito sarai. Ƙwayar tana nan tun kaka da kakanni, ba ta samu filin wasa ba ne sai da mota da talabijin da abinci mai arha suka zo.

Babu ƙasar da ta fi Koriya ta Kudu dacewa da wannan bayani. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bar ta cikin matalautan duniya. Tsofaffinsu har yau suna tuna ƙarshen bazara, lokacin da shinkafar bara ta ƙare sha'ir kuma bai nuna ba, kwatankwacin tsakiyar damina a ƙauyukanmu, rumbu ya yi ƙasa gero bai kai ba. A 1960 kashi 28 ne kawai na jama'a ke birni, yanzu sun haura kashi 80. A 1970 kowane mutum na cin kilo 136 na shinkafa a shekara. A 2022 ya sauko ƙasa da kilo 57, kuma a shekarar nama ya zarce shinkafa a ma'auni. Jikin mutane ya amsa. A cikin ƙarni ɗaya matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da santimita 20 a tsawo, abin da babu matan wata ƙasa da suka yi. A ɗaya gefen iyaka kuwa, a Koriya ta Arewa, inda aka yi mummunar yunwa a tsakiyar shekarun 1990, mutane masu jini ɗaya da harshe ɗaya sun fi gajarta da rama. Tsawo ya fi nauyi bin gado, amma ga shi iyakar siyasa ta raba shi gida biyu.

Yanzu a dubi yinin ma'aikacin ofis ɗan shekara 35 a Seoul. Ya fito da sassafe ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya zauna gaban kwamfuta har bayan faɗuwar rana. Matsakaicin zaman da babban mutum ke yi a ƙasar ya haura awa 8 a rana. Idan an tashi, sau da yawa ba gida za a nufa ba, shugaban sashe ya kira cin abincin dare na ma'aikata, wanda ƙin zuwansa ke da wuya ga na ƙasa. Ana zama kewaye da tebur mai garwashi a tsakiya, ana gasa yankakken naman alade mai kitse, ana naɗe shi a ganyen latas da tafarnuwa, ƙaramin ma'aikaci na zuba wa babba giyar soju da hannu biyu, in nasa kofin ya zo ya kau da kai gefe ya shanye. Daga nan a koma wani wuri don soyayyar kaza da giya. Kwalbar soju ɗaya tana da kalori kusan 400, fiye da abin da tafiyar awa guda da sauri ke ƙonawa.

A nan ne ALDH2 ke nuna wani abu da ya kamata kowa ya fahimta game da gado. Kusan kashi 30 na 'yan Koriya suna da nau'inta da ke hana jiki narkar da giya yadda ya kamata. Da sun kurɓa fuska ta yi ja, zuciya ta hau bugawa, tashin zuciya ya biyo. Irin waɗannan ba sa iya sha da yawa, kuma binciken 2014 ya nuna alaƙar wannan ƙwaya da nauyi ta fi ƙarfi a maza. Mafi kusancin bayani shi ne ta hanyar kofin giya take aiki. A al'ummar da ba a shan giya, da wuya a ga tasirinta a sikeli. Ƙwaya ce ta gado tsantsa, amma al'adar ofis ce ta ba ta ma'ana.

Mata fa, me ya tsare su? Ba na son a ɗauki nasu a matsayin labarin nasara kawai. Matsin da ake yi wa mace a Koriya kan siranta yana da tsanani, daga talla zuwa neman aiki zuwa neman aure. Kusan ɗaya cikin bakwai na mata 'yan shekara ashirin da wani abu nauyinsu bai kai yadda ya kamata ba, kuma da yawa daga cikinsu suna ƙoƙarin ƙara ragewa. Alƙaluman gwamnati sun nuna mata ba su fi maza motsa jiki ba, sun ma gaza su. Da ƙin ci suke riƙe nauyin. Mace siririya marar tsoka, mai kitse a ciki, ba ta tsira daga ciwon suga ba don kawai sikeli ya yaba mata.

Akwai inda ya kamata a taka a hankali. Yawancin binciken da na ambata tambayar mutane aka yi ko suna motsa jiki, mutum kuwa yakan ƙara wa kansa. Sannan akwai tambayar wanne ya riga wanne: rashin motsi ne ya kawo nauyin, ko nauyin ne ya sa gwiwa ta ƙi? Mai motsa jiki kuma sau da yawa shi ne mai kula da cimarsa da barcinsa. Mutanen Ansan da Anseong ma, da aka ɗauke su suna da shekara 40 zuwa 69 a 2001, 'ya'yan zamanin yaƙi da yunwa ne. Waɗanda suka taso da taliyar leda da kawo abinci har ƙofa a babur ba sa cikinsu. Duk da haka hujjojin sun fuskanci alƙibla ɗaya daga ƙasashe daban-daban, kuma akwai wata hujja mai ƙarfi daga gwaji na gaske: a 2016 an haɗa sakamakon mutum 9,563 da aka sa a tsarin rage nauyi ta abinci ko motsa jiki ko magani, aka ga masu nau'in FTO mai haɗari sun rage daidai da sauran. Gadon yana sauƙaƙa hawa, bai toshe hanyar sauka ba. Motsa jiki kuma, ko bai taɓa sikeli ba, yana rage kitsen ciki, yana sa tsoka ta janye suga daga jini, wanda shi ne ainihin abin da jikin ɗan Koriya ya fi buƙata.

Shi ya sa ban ga wani babban amfani a gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanoni ke sayar wa jama'a kai-tsaye ba, wanda Koriya ta halatta tun 2016, har da na ƙiba. Mutum ya tofa yawu a kwalba ya aika, a dawo masa da takarda mai cewa yana da haɗari. Wurare 941 na cikin ƙwayoyin halitta da aka gano a 2018 masu alaƙa da nauyi, gaba ɗayansu kashi 6 kawai suka bayyana na bambancin da ke tsakanin mutane. Tsayawa a dubi iyaye da kawunnai ya fi wannan takarda faɗin gaskiya, kuma shawarar da za a ba mai haɗari ita ce dai za a ba marar haɗari. Inda gwaji ke da amfani na gaske shi ne ga yaron da ya fara mummunar ƙiba tun yana rarrafe, wanda wataƙila ƙwaya ɗaya ce ta lalace, kamar yaran nan biyu 'yan asalin Pakistan da likitocin Kambirij ta Ingila suka gano a 1997 jikinsu ba ya samar da sinadarin leptin mai sanar da ƙwaƙwalwa ƙoshi. Irin wannan kuwa ba kasafai ake samu ba.

Koriya ba ta rasa wuraren motsa jiki ba. Kusan kashi 70 na ƙasar tsaunuka ne. Ranar Asabar za ka ga dattawa maza da mata cikin riguna masu launi, sanda biyu a hannu, jaka a baya, suna cika jirgi zuwa dutsen Bukhansan da ke gefen Seoul. A bakin kogin Han da ƙananan lambunan unguwa akwai ƙarafunan atisaye kyauta. Hukumar birnin Seoul tun 2021 tana ba mutane maki mai zama kuɗin sayayya idan suka cika taku 8,000 a rana. Amma duk da haka adadin manya masu motsa jiki gwargwadon da ake so ya faɗo daga kashi 58 a 2014 zuwa ƙasa da 46 a 2020. Waɗanda ke kan dutsen galibi dattawa ne. Abin da ya yi wa sauran ƙaranci lokaci ne.

Abin ya fi muni ga yara. Nazarin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fito a 2019 ya duba ƙasashe 146, ya samu kashi 94 na matasan Koriya ta Kudu masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsin awa ɗaya a rana, mafi muni a duniya. A cikin 'yan mata, kashi 97. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya ga unguwar Daechi a Seoul da ƙarfe goma na dare, lokacin da doka ta ce makarantun ƙarin darasi su rufe: titi cike da motocin iyaye, yara na fitowa da jakunkuna masu taya, wasu na tsaye a kantin kwana suna zuba ruwan zafi a kofin taliya. Daga aji suka fito zuwa wani aji, duk don jarrabawar shiga jami'a ta watan Nuwamba. Yaron da ya gaji saurin jin yunwa, a wannan tsari, an haɗa masa duk abin da gadon nasa ke jira.

Allurar rage ƙiba ta Wegovy ta shiga kasuwar Koriya a Oktoban 2024, mutane suka yi mata ca, har hukumomi suka yi gargaɗi kan masu nemanta ba tare da buƙata ba. Tana aiki, kuma tana aiki ne daidai inda gadon ke aiki, a kan yunwa, don haka ba na ganin laifin wanda likita ya rubuta masa. Sai dai tana da tsada, kuma in an daina nauyin yakan dawo. Matakin da nake ganin ya fi taɓa tushen matsalar ba daga ma'aikatar lafiya ya fito ba. A Yulin 2018 aka fara aiki da dokar da ta rage iyakar aikin mako daga awa 68 zuwa 52. Ko da hakan, a 2022 ma'aikacin Koriya ya yi awa 1,901 a shekara, alhali matsakaicin ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD 1,752 ne. A Maris na 2023 gwamnati ta kawo shawarar a ba da damar kaiwa awa 69 a makonnin da aiki ya yi yawa, matasan ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi tsaye a kan ƙin amincewa, sai da aka janye ta don sake nazari.